Yadda Za Ka Auna Labarin Sabuwar Nazariyyar Da Aka Ce Ta Haɗe Fiziks Wuri Guda

Da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin cewa wani masani, ko wasu masana a wata jami'a, sun fito da nazariyyar da ta tattara dukan ƙarfin da ke tafiyar da sammai da ƙassai a ƙarƙashin lissafi guda ba, abin da Albert Einstein ya shafe kusan shekara 30 yana nema har ya rasu a 1955 bai samu ba. A nan Abuja, irin wannan labari yakan faɗa ne a hannun malamin fiziks na sakandare a Kubwa ko Gwagwalada, wanda ɗalibi zai tare a bakin aji ya miƙo masa waya ya ce, "Malam, wai da gaske an kayar da Einstein?", ko a hannun ɗan jaridar da edita ya ba shi sa'a biyu ya mayar da labarin Hausa kafin labaran yamma. Amsa wannan tambaya ba ta buƙatar ka iya lissafin da ke cikin takardar, wanda sau da yawa ko mai digirin digirgir a wani reshe na fiziks ba ya iya bin sa layi bayan layi. Abin da take buƙata shi ne ka san tambayoyin da masu fannin suke yi wa junansu, da inda ake samun amsarsu.

Ka fara da sanin abin da ake son haɗawa

Duk abin da masana fiziks suka taɓa aunawa yana komawa ne ga ƙarfi huɗu. Akwai jan nauyi, wanda ke faɗo da ɗan mangwaro ƙasa kuma yake riƙe da wata a kewayen duniya. Akwai ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda daga gare shi haske da igiyoyin rediyo da dukan haɗuwar sinadarai suka samo asali. Sai wasu biyu da ba a jin tasirinsu sai a cikin cibiyar ƙwayar zarra: mai tsanani, wanda ke ɗaure cibiyar kada ta tarwatse, da mai rauni, wanda ke juya wata ƙwaya ta koma wata, kuma ba domin shi ba da rana ba ta fara ƙona haidurojin ɗinta ba. Uku na ƙarshe an riga an rubuta su da ƙa'idojin kwantum, wato dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyi, a cikin abin da ake kira Daidaitaccen Tsari, wanda aka kammala gina shi a shekarun 1970, kuma ƙwayarsa ta ƙarshe da ta rage, wato Higgs, ta bayyana a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, aka sanar da ita ranar 4 ga Yulin 2012. Jan nauyi ne kaɗai ya ƙi shiga sahu. Bayaninsa mafi inganci har yau shi ne nazariyyar dangantaka da Einstein ya kammala a 1915, wadda ta ce abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi, kuma duk sa'ad da aka yi masa irin lissafin da ya yi aiki a kan sauran ukun, sai amsoshi marasa iyaka su riƙa ɓullowa ta yadda ba a iya share su.

Ɗokin da mutane ke yi yana da tushe, domin haɗewa ta taɓa yiwuwa har sau uku. Isaac Newton ya nuna a 1687 cewa abin da ke faɗo da dutse da abin da ke juya duniyoyi a kewayen rana ƙarfi ɗaya ne. James Clerk Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske a 1865. Sheldon Glashow da Steven Weinberg da Abdus Salam kuma sun haɗa lantarki da ƙarfi mai rauni a shekarun 1960, suka karɓi kyautar Nobel a 1979. Saboda haka ba wauta ba ce mutum ya sa ran mataki na gaba.

Sai dai da'awar iri uku ce, kuma jaridu sukan cakuɗa su. Wata takardar tana neman haɗa ƙarfi ukun da ke cikin Daidaitaccen Tsari ne kawai, ba ta taɓa jan nauyi ba. Wata tana neman rubuta jan nauyi da ƙa'idojin kwantum, ba tare da ta ce komai game da sauran ƙwayoyi ba. Ta uku, wadda ta fi kowace girman baki, ita ce mai cewa ta tattara huɗun gaba ɗaya tare da bayyana dalilin da ya sa kowace ƙwaya take da nauyin da take da shi. Ka karanta taƙaitawar da marubutan suka sa a saman takardarsu da kansu, za ka ga sau da yawa sun yi da'awa ta biyu cikin taka-tsantsan, alhali kanun labarin ya ɗora musu ta uku.

Ka nemo takardar kanta

Labarin jarida, ko sanarwar ofishin watsa labarai na jami'a, ko hirar bidiyo, babu ɗaya daga cikinsu da ya zama nazariyya. Nazariyya takarda ce mai lissafi wadda wani masani zai iya ɗauka ya bi ya gano kuskure. Kusan duk aikin da ake ɗauka da muhimmanci a wannan fanni ana ajiye daftarinsa a rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991 kuma Jami'ar Cornell ta Amurka ta daɗe tana kula da shi, kuma karatu a cikinsa kyauta ne, da wayar hannu ma ana buɗe shi. Ka rubuta sunan marubucin a wurin bincike. Idan shafin ya buɗe, ka dubi abu uku da ke ƙasan taƙaitawar. Na farko rukunin da aka ajiye takardar: hep-th da gr-qc da hep-ph su ne inda masu wannan aiki suke karanta juna kullum safiya, amma physics.gen-ph wuri ne da masu tace rumbun sukan tura abin da bai zauna a kowane rukuni ba. Na biyu layin da ke nuna mujallar da ta buga aikin, idan akwai. Na uku tarihin gyare-gyare, inda za ka ga v1 da v2 da v3 da kwanakinsu. Ka buɗe na farko da na ƙarshe ka kwatanta taƙaitawarsu, domin a nan ne ake ganin da'awar da marubuci ya janye a hankali bayan an yi masa gyara.

Shiga arXiv ba tantancewa ba ce, tacewa ce kawai ta sama-sama. Tantancewa tana faruwa ne a mujallu irin su Physical Review Letters da Physical Review D da Journal of High Energy Physics da Classical and Quantum Gravity, inda edita zai tura takardar ga wasu masana da ba a bayyana sunansu ba su duba ta. Ko wannan ma ma'anarsa ita ce mutum biyu ko uku ba su ga kuskuren da ya fito fili ba, ba wai sun shaida cewa haka duniya take ba. Akwai kuma mujallun da ke buga duk abin da aka aiko musu muddin an biya kuɗi, waɗanda malaman jami'o'inmu suka san su sarai saboda wasiƙun gayyata da suke cika musu akwatin imel. Haka nan akwai wani rumbu mai suna viXra, wanda sunansa arXiv ne aka juya, kuma ba ya tace komai.

Idan ka nema ba ka samu takarda ba sam, to ka riga ka samu rabin amsarka. A watan Mayun 2013 Eric Weinstein ya gabatar da lacca a Jami'ar Oxford a kan wata nazariyyar haɗewa, jaridun Ingila suka yi ta yayatawa, amma daftarin da za a iya karantawa bai fito ba sai a 2021, kuma a tsawon waɗannan shekaru masana ba su da abin da za su riƙe su auna. Irin wannan ya taɓa faruwa da wanda ya fi shi suna nesa ba kusa ba. A 1958 Werner Heisenberg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kimiyyar kwantum, ya bari labari ya bazu a Jamus cewa shi da Wolfgang Pauli sun samo lissafin da ya bayyana dukan ƙwayoyi, saura 'yan gyare-gyaren fasaha kawai. Pauli, wanda ya riga ya fara janye jikinsa daga aikin, sai ya zana murabba'i fanko a cikin wasiƙar da ya aika wa George Gamow, ya rubuta a ƙasa cewa wannan shaida ce ta cewa shi ma ya iya zane kamar shahararren mai zanen nan na Italiya, Titian, saura 'yan gyare-gyaren fasaha kawai. Nazariyyar ba ta kai ko'ina ba.

Ka duba ko ta dawo da abin da aka riga aka auna

Idan wani ya kawo maka sabuwar taswirar Abuja ya ce babu lungun da ta bari, ba za ka fara da ƙauyukan da ba ka taɓa zuwa ba. Za ka fara duba ko ta nuna titin da ya taso daga Zuba ya bi ta Kubwa ya shiga gari, da wanda ya bi ta Lugbe zuwa filin jirgin sama, kuma idan ta karkatar da waɗannan babu dalilin da zai sa ka yarda da sauran. Sabuwar nazariyya ma dole ne ta fara fitar da duk amsoshin da tsofaffin suka riga suka fitar daidai, kuma a nan ne mafi yawansu ke faɗuwa, domin awon da aka tara ya kai wani matsayi mai ban tsoro. Ƙarfin maganaɗisun elektiron da aka auna ya yi daidai da wanda aka lissafa har zuwa kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna gudu fiye da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kamar yadda lissafin Einstein ya ce, kuma da ba a gyara wannan bambanci ba da taswirar wayarka tana kaucewa da kusan kilomita 10 kullum. Ranar 17 ga Agustan 2017 aka kama igiyoyin jan nauyi da hasken da suka fito daga karon wasu taurari biyu masu nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130, suka iso da tazarar sakan 1.7 kacal a tsakaninsu, kuma wannan awo guda ɗaya ya rufe littafin nazariyyoyi da dama da suka ce gudun jan nauyi ya bambanta da na haske.

A aikace, ka buɗe takardar ka nemi sashen da marubutan suka nuna cewa idan ƙarfi ya yi ƙasa ko nisa ya yi yawa, lissafinsu yana komawa na Einstein da na Daidaitaccen Tsari. Ka lura da kalmominsu a wurin. Akwai bambanci babba tsakanin "mun nuna" da "muna sa ran za a iya nunawa", kuma marubuta masu gaskiya sukan rubuta na biyun a fili, sau da yawa a sakin layi na kusa da ƙarshe, inda mai rubuta sanarwar jami'a ba ya kaiwa. Ka kuma duba ko sun yi maganar zuriya uku ta ƙwayoyi, wato yadda elektiron ke da 'yan'uwa biyu masu kama da shi amma sun fi shi nauyi, da yadda ƙarfi mai rauni ke bambanta hagu da dama, abin da gwajin Chien-Shiung Wu ya tabbatar a farkon 1957. A kan wannan gaɓa ce nazariyyar Garrett Lisi ta tsaya. A 2007 ya ba da shawarar cewa dukan ƙwayoyi da ƙarfi suna zaune ne a cikin wani tsarin lissafi mai suna E8 mai fuskoki 248, duniya kuwa ta ɗauka, musamman da yake mutum ne da ba ya aiki a kowace jami'a kuma yana yawan wasan hawan igiyar ruwa. Daga baya Jacques Distler da Skip Garibaldi suka buga hujjar lissafi da ta nuna cewa ba a iya shigar da zuriya ukun a cikin E8 ta hanyar da ake buƙata. Hotunan tsarin suna da kyau ƙwarai, kuma har yanzu suna yawo.

Ka nemi lambar da ta sa wuyanta a kai

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma idan lokacinka bai isa ka yi sauran ba, ka yi ta ita kaɗai: wane abu ne nazariyyar ta ce za a gani, mai adadi takamaimai, wanda tsofaffin ba su faɗa ba, kuma wanda idan aka auna aka samu saɓaninsa marubucin zai yarda ya yi kuskure? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Einstein na 1915 ya amsa wannan tambaya sau biyu. Lissafinsa ya fitar da 'yar karkatar da masu nazarin taurari suka daɗe suna gani a kewayen duniyar Makyuri, sakan 43 na kusurwa a kowace shekara 100, alhali sakan ɗaya na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. Sa'an nan ya ce hasken tauraron da ya gifta gefen rana zai lanƙwashe da sakan 1.75, ninki biyu na abin da lissafin Newton zai bayar. Ranar 29 ga Mayun 1919 Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma tana garin Sobral na Burazil, suka ɗauki hotunan taurari a lokacin kusufin rana, sakamakon ya goyi bayan Einstein. Shekara goma bayan haka Einstein ɗin nan dai ya fito da takarda mai shafi shida da ya ce ta haɗa jan nauyi da lantarki. Wata jaridar New York ta buga ta ɗungurungum, wani babban kanti a Landan ya manna shafukan a tagarsa jama'a suka yi cincirindo suna kallo, amma ba ta ɗauke da wata lamba da za a je a auna. Cikin 'yan shekaru ya watsar da ita, har ya rubuta wa Pauli, wanda ya soke ta tun farko, cewa shi ne ke da gaskiya. Sunan marubuci ɗaya ne a takardun biyu, kuma ta biyun ta fi samun hayaniya a ranar fitowarta.

Nazariyyar Glashow da Weinberg da Salam ta ce akwai wani nau'in mu'amala da ba a taɓa gani ba, aka gan shi a CERN a 1973. Ta kuma ce akwai ƙwayoyi biyu masu nauyi, W da Z, ta faɗi kusan nauyinsu tun kafin a gina na'urar da za ta iya samar da su. A 1983 aka same su, ɗaya ta ninka furoton, ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra, nauyi sau 85 da ɗoriya, ɗayar kuma sau 97, a inda aka ce a neme su.

Misalin da ya fi koyar da mai karatu, a ganina, shi ne na nazariyyar da ta yi komai bisa ƙa'ida amma ta faɗi. A 1974 Howard Georgi da Glashow suka haɗa ƙarfi ukun a cikin tsari guda mai sauƙi da kyau, kuma tsarin ya zo da hasashe mai haɗari: furoton, wanda kowa ke ɗauka ba ya lalacewa, zai ruguje bayan shekaru kusan 1 mai sifili 30 ko 31 a bayansa. Babu mai iya jiran wannan tsawon lokaci, tunda shekarun sararin samaniya gaba ɗaya biliyan 13.8 ne, amma idan aka tara furoton masu yawan gaske wuri guda, wasu daga ciki za su ruguje cikin shekara ɗaya. Saboda haka aka cika manyan tankuna da tataccen ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Japan aka zuba ido. Magajin waɗannan tankuna, Super-Kamiokande, yana cikin wani ramin haƙar ma'adinai a Japan, mita 1,000 ƙarƙashin dutse, yana ɗauke da tan 50,000 na ruwa, bangonsa lulluɓe da fitilun gano haske kusan 11,000 masu kama da manyan ƙwayayen lantarki, suna jiran walƙiya ɗaya a cikin duhu tun 1996. Ba a ga furoton ko ɗaya ya ruguje ba, kuma yanzu an san ransa ya wuce shekaru 1 mai sifili 34, abin da ya kawar da ainihin tsarin Georgi da Glashow. Tankunan kuwa ba su yi asara ba, domin da su aka kama niyutirino, wasu ƙwayoyi masu ƙarancin nauyi da ke ratsa kusan komai, daga fashewar wani tauraro a 1987, aka kuma gano a 1998 cewa niyutirino na sauya kama, kuma kowane ɗaya daga cikin binciken biyu ya kai ga kyautar Nobel.

Ya kamata a yi wa masu nazarin jan nauyi adalci a nan. Ƙarfin karon da ake buƙata domin ganin kwantum na jan nauyi kai tsaye ya ninka abin da na'urar CERN mai zagayen kilomita 27 ke iya kaiwa sau kusan 1 mai sifili 15, shi ya sa nazariyyar zare, mai cewa ƙwayoyi ƙananan zaruruwa ne masu karkarwa, wadda ta mamaye fannin tun 1984 kuma manyan masana suka ba ta rayuwarsu, har yau ba ta fuskanci gwajin da zai raba gardama ba. Wannan wahala gaskiya ce, amma ba ta zama lasisin da zai sa a ce an tabbatar da abin da ba a auna ba. Akwai masu ƙoƙarin kewaye ta. A Disambar 2023 Jonathan Oppenheim na University College London ya buga shawarar cewa watakila jan nauyi ba ya bin ƙa'idar kwantum sam, kuma ya fito da abin da hakan zai haifar: sarari da lokaci za su riƙa 'yar rawa ba bisa tsari ba, ta yadda nauyin abu guda zai riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan idan ana auna shi da ma'auni mai tsananin kaifi. Masana biyu, Carlo Rovelli da Geoff Penington, sun yi caca da shi a kan 5,000 da 1 cewa ba haka ba ne. Oppenheim yana iya yin kuskure, amma ya faɗi inda za a kama shi, kuma irin wannan takarda ce ta cancanci malami ya ɓata darasi guda a kanta.

Ka ga abin da masu fannin suka yi da ita

Yabo a jarida ba ya nuna komai. Abin da ke nuna cewa masana sun ɗauki aiki da gaske shi ne su ajiye nasu su yi lissafi da shi. Rumbun INSPIRE, wanda shi ma kyauta ne, yana jera duk takardun da suka ambaci wata takarda a wannan fanni. Kada ka tsaya ga adadin. Ka duba ko masu ambaton marubutan ne da ɗalibansu, ko kuwa wasu ne daga jami'o'in da ba su da alaƙa da su, kuma ka buɗe biyu ko uku ka ga ko gina wani abu suka yi a kai ko kuwa sun jera sunanta ne kawai a cikin gabatarwa. Sai dai wannan ma'auni yana da rauninsa, domin takardar Weinberg ta 1967, mai shafi uku, kusan babu wanda ya ambace ta har sai da Gerard 't Hooft ya nuna a 1971 cewa lissafin irinta ba ya ɓarkewa da amsoshi marasa iyaka. Shirun masana ba hukunci ba ne. Hujjar da aka buga wadda marubuci ya kasa amsawa ita ce hukunci.

Akwai wata alama da ta shafe mu a Najeriya musamman. Shekaru da dama jaridun ƙasar nan sun yi ta ba da labarin GAGUT, nazariyyar haɗewa ta Gabriel Oyibo, tare da cewa an gabatar da sunansa domin kyautar Nobel, kuma mutane da yawa sun karɓi labarin ne saboda kishin ƙasa, wanda abu ne da ake fahimta. Amma hukumar Nobel ba ta bayyana sunayen waɗanda aka gabatar sai bayan shekara 50, saboda haka wannan magana ba ta da hanyar tabbatarwa ga kowa, ɗan Najeriya ne ko Bajamushe, kuma nazariyyar ba ta shiga cikin ayyukan masu binciken fannin ba. Tambayoyin da ka yi wa Heisenberg da Lisi su ne za ka yi wa ɗan gida, ba ƙari ba ragi.

Idan labarin ya zo da cewa wani gwaji ya riga ya ga alama

A nan za ka ci karo da kalmar sigma. Masu wannan fanni ba sa cewa sun gano sabon abu sai alamar ta kai sigma 5, wato yiwuwar a ce tsautsayin ƙidaya ne kawai ya haifar da ita bai wuce 1 cikin miliyan 3.5 ba. A Disambar 2015 gwaje-gwaje biyu a CERN suka ga 'yar alamar wata ƙwaya da ta ninka Higgs nauyi sau shida, alamar ba ta kai wannan matsayi ba, amma masana suka rubuta takardu kusan 500 suna bayyana ta, kafin ta ɓace a Agustan 2016 da aka ƙara tara bayanai. Sigma kuma ba ya kare kowa daga matsalar na'ura. A Satumbar 2011 gwajin OPERA ya auna niyutirino da suka yi tafiyar kilomita 730 daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, ya ga kamar sun riga haske da kashi 60 cikin biliyan na sakan, da sigma 6, sai daga baya aka gano wata wayar gilashi ce ba a ɗaure ta da kyau ba. A Maris na 2014 na'urar BICEP2 da ke ƙuryar kudancin duniya ta sanar da alamar igiyoyin jan nauyi daga farkon halittar sararin samaniya, cikin shekara guda aka nuna cewa ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ce ta ba da alamar. Saboda haka ka tambayi abu biyu: sigma nawa ne, kuma ko wani gwaji dabam, mai na'ura dabam da ma'aikata dabam, ya ga abin.

Abin da za ka faɗa a aji ko a rediyo

Ka gaya wa ɗalibin ko mai sauraro matakin da aikin yake kai: daftari ne, ko an buga shi a mujallar da ke tantancewa, ko wasu sun sake lissafin sun samu daidai, ko gwaji ya gwada shi. Kusan duk labarin da zai zo hannunka yana mataki na ɗaya ko na biyu. Ka kuma gaya masa cewa ko da sabuwar ta yi nasara, darasin Newton da zai rubuta a jarrabawar WAEC yana nan daram, domin da lissafin Newton ake harba taurarin ɗan'adam irin waɗanda hukumar NASRDA da ke kan titin filin jirgi take kula da su.

Ɗan jarida kuma ya nemi masanin da ba ya cikin aikin ya karanta masa takardar kafin a shiga situdiyo. Ba sai an buga waya ƙasar waje ba: akwai sashen fiziks na nazari a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a kan hanyar Lokoja, akwai kuma sashen fiziks na Jami'ar Abuja. Ka aika masa lambar takardar ta arXiv tun da wuri, ba mahaɗin labarin jarida ba, kuma maimakon ka tambaye shi ko nazariyyar gaskiya ce, wanda babu masanin kirki da zai amsa, ka ce, "Farfesa, wane awo ne zai iya ƙaryata ta, kuma wa ke da na'urar yin sa?"

Daga nan sai ka rubuta lambar takardar a littafinka, ka koma shafinta bayan wata shida, ka sake komawa bayan shekara, ka duba ko an ƙara sabon gyara, ko mujalla ta karɓe ta, ko wani ya buga raddi. Idan marubutan sun ambaci gwajin da zai gwada su, ka bi labarin gwajin maimakon labarin marubutan. A Japan ana gina Hyper-Kamiokande, tanki mai tan 260,000 na ruwa, wanda zai ci gaba da neman rugujewar furoton, hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta amince a Janairun 2024 da shirin LISA, taurarin ɗan'adam uku masu tazarar kilomita miliyan 2.5 a tsakaninsu da za su auna igiyoyin jan nauyi daga sama, ana kuma sa ran harba su a tsakiyar shekarun 2030.